Waiwaye: Me Ya Fito da Godzilla Daga Teku?

Musun ya soma ne a fadarmu ta Zango bayan sallar isha'i, kan wani guntun bidiyo da ƙanena ya nuna mana a wayarsa. Godzilla ne, dodon nan na fina-finan Japan, tsaye a tsakiyar birnin Tokiyo, ƙayoyin bayansa suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya daga wutsiya zuwa wuya, sai ya buɗe baki ya feso wata shuɗiyar wuta. Unguwa guda ta zama fili, can kuma baƙin ruwa ya soma zuba daga sama kan wani saurayi da ke durƙushe yana kururuwa. Telan da ke zuba mana shayi ya ce babu wata magana, wannan mugun dabba ne, ɓarna ce kawai sana'arsa. Wani ɗan kabu-kabu ya ce sam, shi ya ga wanda aka haɗa shi da gwaggon biri, kuma a can mai gadin duniya ne, ba ya taɓa kowa sai an tsokane shi. Ƙanena ya juyo ya ce, "Yaya, kai da ka daɗe kana kallonsu tun zamanin kaset, raba mana gardama." Har shayi na uku ya huce ban raba ta ba, don kowannensu da gaskiyarsa. Dodo ɗaya suke magana a kai, amma shekara saba'in ke nan ana sauya masa dalili.

Mu da muka tashi da tatsuniya ba mu saba tambayar dalilin dodo ba. Dodo ya haɗiye yarinya, shi ke nan, sai a jira wanda zai farke cikinsa. Macijiyar rijiyar Kusugu ta Daura, nan maƙwabtanmu, ta hana mutane ɗibar ruwa sai ran Juma'a, Bayajida ya zo ya sare kanta, kuma ban taɓa jin mai ba da labarin ya tsaya ya ce me ya kawo ta rijiyar ba. Ɗan Damagaram da ya san layin jarka a bakin famfo lokacin bazara ba ya buƙatar a yi masa bayanin laifin wanda ya tare ruwa. Godzilla ya bambanta da waɗannan, domin tun ranar da aka haife shi da tambayar aka haife shi.

A ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada wani bam na ƙare-dangi a tsibiran Bikini da ke tekun Fasifik. Ƙarfinsa ya zarce abin da masu gwajin suka lissafa. Wani jirgin masunta na Japan mai suna Daigo Fukuryu Maru yana kamun kifi a wajen iyakar da aka shata, da mutum 23 a ciki, sai wani farin toka ya yi ta zubo musu. Suka koma gida da ƙuna da ciwo, kuma a watan Satumba mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu. Kasuwar kifi ta rikice, aka riƙa zubar da kifin da aka samu da guba. Wannan fa shekara tara kacal bayan Amurka ta jefa bam ɗin ƙare-dangi a biranen Hiroshima da Nagasaki, kuma shekara biyu bayan ƙarewar mamayar da ta yi wa Japan, wadda a lokacinta aka taƙaita abin da jarida da silima za su iya faɗa game da bam ɗin. Mutane na da magana a ciki, ba su samu bakin faɗa ba.

A watan Nuwamba na wannan shekarar kamfanin fina-finai na Toho ya fitar da Gojira, wato Godzilla a bakin 'yan Japan. Ishiro Honda ne ya ba da umarni, mutumin da ya yi soja kuma ya ratsa ta Hiroshima a hanyarsa ta komawa gida bayan yaƙi. Sunan dodon haɗi ne na kalmar gwaggon biri da ta babban kifin teku a Japananci. Babu kwamfuta a lokacin. Wani mutum ne, Haruo Nakajima, ya shiga cikin rigar roba mai nauyin kusan kilo 100 yana tattaka ƙananan gidajen da Eiji Tsuburaya da yaransa suka ƙera, kuma kukan nan da kowa ya sani, safar hannu ta fata aka goga a kan tsirkiyar wani babban goge aka samo shi. Fim ɗin ya buɗe da jiragen ruwa da wani haske ke ƙonewa a teku, kuma babu ɗan Japan da ya zauna a silima ranar bai gane abin da ake nufi ba.

Wanda ya kalli wannan fim ɗin na fari da baƙi zai ga cewa musun fadarmu yana cikinsa tun asali. Akwai dattijon masani da ke cewa gwajin bam ne ya taso wannan halitta daga makwancinta a ƙasan teku, don haka kada a kashe ta, a bincika yadda ta sha wannan wuta ta rayu. Akwai matasan da ke cewa ga gawarwaki a titi, ba lokacin bincike ba ne. Sannan akwai wani masanin mai ido ɗaya da ya gano makamin da zai iya kashe dodon, amma yana tsoron ranar da makamin zai faɗa hannun 'yan siyasa, har ya ƙone takardunsa ya zaɓi ya mutu a ƙarƙashin ruwa tare da sirrin. Fitowar da ba ta barin zuciyata ita ce ta wata uwa da ta rungume 'ya'yanta a gindin bango, wuta na matsowa, tana lallashinsu da cewa saura kaɗan su je wurin babansu. Gari ya waye, asibiti ya cika, ana kara wa yara na'urar auna guba a jiki tana ƙara. Ba a yi wannan don a burge yara ba.

Da fim ɗin ya ƙetara Amurka a 1956 sai aka yi masa aski. Aka cusa ɗan wasa Raymond Burr a matsayin ɗan jarida, aka datse wurare da dama, har da wasu maganganun da suka shafi bam. Shi ne abin da akasarin duniya ta kalla shekara da shekaru, sai a 2004 aka zagaya da na asali silimomin Amurka. Su ma mutanen Toho da suka ga yara ne ke cika musu silima, sai suka bi kasuwa. A 1962 suka haɗa shi da King Kong, ƙaton gwaggon birin nan, a 1964 ya haɗa kai da wasu dodanni ya kori mai kai uku da ya zo daga sararin samaniya, a 1965 har rawar murna ya taka bayan ya ci nasara. Wanda ya ƙone Tokiyo ya koma abokin yara. Daga nan aka samu gida biyu na masoya, kuma har yau ba su shirya ba.

Yawancinmu a nan ba da waɗannan muka fara ba. Na 1998 muka fara gani, wanda Roland Emmerich ya yi a Amurka, a gidan kallo mai rufin zana, da dala biyar ɗinmu a hannu, ana jin ƙarar janareta fiye da maganar Faransancin da aka ɗora wa fim ɗin. Mun sha mamakinsa ƙwarai. Sai daga baya na ji cewa tsofaffin masoya sun tsane shi, kuma da na duba hujjarsu na ga tana da ƙarfi. Wani ƙadangare ne mai kama da damo da ya girma fiye da kima, ya je Niyok neman wurin zuba ƙwai, ana yaudararsa da tarin kifi, yana gudun jirage masu saukar ungulu, daga ƙarshe makamai masu linzami suka kashe shi a kan gada. Suka ce dodon da harsashi ke kashewa dabba ne kawai. Toho da kansu suka rage masa suna zuwa Zilla, suka sa nasu ya gama da shi cikin ƙiftawar ido a fim ɗin 2004.

Amma akwai abin da ya fi wannan damuna, wanda ban lura da shi ba ina yaro. A fim ɗin 1998 gwajin bam na Faransa a tsibiran Polineziya ne ya haifi dodon, ba na Amurka ba. A na 2014, na Gareth Edwards, shi ma na Amurka, sai aka ce gwaje-gwajen da aka yi a Fasifik ai ƙoƙarin kashe dodon ne aka ɓoye. A na 2019 kuwa wani masani ɗan Japan ne ya ɗauki bam ɗin da hannunsa ya fasa shi kusa da Godzilla don ya farfaɗo da shi ya ceci duniya. Abin da ya kasance cutar a 1954 ya koma magani. Wannan ne dodon ɗan kabu-kabunmu, mai gadi, mai daidaita halitta, kuma ban ga laifinsa ba don abin da aka nuna masa ke nan. Masoya sun fi ɓata lokaci kan cewa a na 2014 ana yanke hoto daidai lokacin da faɗa zai kaure, ko kan wanda ya yi nasara tsakaninsa da Kong a 2021. Ni wancan sauyin dalili ya fi tsaya mini a rai.

Ya tsaya mini ne saboda inda nake zaune. A ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta fasa bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, hamadar nan da iskarta ke kawo mana ƙura duk hunturu, kuma hayaƙinsa ya bazu har ƙasashen kudu da Sahara. Abin ya yi zafi har Najeriya ta yanke hulɗa da Faransa a Janairun 1961. Daga 1971 aka soma haƙar yuraniyom, ma'adinin nukiliya, a Arlit da ke arewacin Nijar, daga 1978 a Akuta, wadda aka rufe a 2021 aka bar tulin ƙasar da aka tace a bayan gari. 'Yan Damagaram nawa suka bi hanyar Tanut da Agadas suka tafi can neman abinci? Duk wanda ke da ɗan'uwa a cikinsu, in ya ga ana kara wa yaro na'urar auna guba a fim, ba zai ɗauke shi tatsuniya ba.

Su 'yan Japan sun komo kan asalin maganar. A 2016, shekara biyar bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku da suka lalata tashar nukiliya ta Fukushima, Hideaki Anno ya yi Shin Godzilla, inda dodon ya fito yana jan ciki yana zubar da jini kamar mai jin azaba, manyan gwamnati kuma suna ta taro daga wannan ɗaki zuwa wancan gari na rushewa. An rufe fim ɗin da wasu siffofi masu kama da mutane da suka daskare a bakin wutsiyarsa, kuma har yau ana musun ma'anarsu. Na 2023, Godzilla Minus One na Takashi Yamazaki, wanda ya ci kyautar Oscar ta ƙwarewar haɗa hoto a Maris 2024, shi ne wanda ƙanena ya nuna mana. Ya mayar da labarin ƙarshen yaƙin duniya na biyu, ya nuna gwajin Bikini na 1946 yana ƙona dodon kafin ya nufi Tokiyo. Baƙin ruwan nan da ya zubo wa saurayin, irinsa ya zubo a Hiroshima bayan bam.

Abin da na iya gaya wa telan ke nan daren nan: wanda ya gani a wayar ba ya jin tausayin kowa, gaskiya ne, amma a duba bayansa, shi ma ƙonanne ne. Bai yarda ba. Ya ce wanda aka zalunta ai azzalumin yake nema, ba ya taka matan unguwa da 'ya'yansu. Ɗan kabu-kabun ya ce to wutar da aka cinna wa daji tana zaɓen gonar wanda ya kunna ta ne? Muka yi shiru na ɗan lokaci. Ƙanena ya ce ya samo na 1954 ɗin a katin waya, sai dai babu fassara, maganar Japananci ce zalla. Muka sa ranar Alhamis bayan isha'i, telan ya ce shi zai kawo gawayi da sukari.