Jaket ɗin hawan moto: a gwada ta a kan moto kafin a biya kuɗi

Duk ma'aikacin lafiyar da ya taɓa aiki a ɗakin wankin ciwo ya san inda kwalta ke fara cin mai moto: gwiwar hannu, kafaɗa, tafin hannu da kwankwaso. Sau da yawa ƙashi kan tsira, amma fata ta saluɓe, yashi da tsakuwa sun shige cikin nama, sai an yi ta gogewa mutum na cije leɓe. Ɗan kabu-kabun da tukunyar gidansa ke jiran abin da ya samo a wuni, irin wannan ciwo kan zaunar da shi makonni. Shi ya sa nake murna duk lokacin da na ga matashi a titin Maradi sanye da jaket mai kushin a kafaɗa da gwiwar hannu. Damuwata ɗaya ce: galibi rigar ba daidai jikin mai ita take ba.

Mun saba da tufa mai yalwa. Ko wajen tela cewa muke yi "a sake ta, kada ta kama ni", kuma da gaskiyarmu, garin zafi ne. Amma mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda, in ya faɗi kuwa sai jikinsa ya ja a ƙasa kafin ya tsaya. A nan riga mai yalwa take naɗewa ta hau ƙirji, ta bar ciki da baya a buɗe, kushin ɗin gwiwar hannu kuma ya juye ya koma gefe. An kashe kuɗi, an sha zufa, ranar da ake neman kariyar kuma babu ita a wurin. Wadda ta matse ita ma tana da nata lahanin: tana hana numfashi sosai, tana sa yatsu su sage a doguwar tafiya, tana hana ka waiwaya da sauri a mararraba.

Saboda haka, ɗan'uwa, in za ka saya, tafi kasuwa da motonka. Ka fara biyawa wurin tela ya auna maka faɗin ƙirji da tsawon hannu, domin lambar da ke wuyan riga ba abin dogaro ba ce, musamman a kayan gwanjo inda awon Turai da na Asiya suke haɗe a dila ɗaya. Ka sa jaket ɗin a kan irin rigar da kake fita aiki da ita, ka ja zif har wuya, ka hau moto ka kama kansa kamar za ka tashi. A wannan zaman ake gane gaskiya. Kushin ɗin ya zauna daidai kan tsinin gwiwar hannu, ya rufe har ɗan ƙasa da ita, na kafaɗa kuma ya hau kan ƙashin kafaɗa. Ka ce wa abokin tafiyarka ya kama kushin ɗin ya murɗa. In ya juya da sauƙi, ɗaure maɗaurin hannun, in har yanzu yana yawo to rigar ta yi maka yawa, ka ajiye ta ko da mai kaya ya rage maka jika biyu. Hannun rigar ya kai wuyan hannu alhali kana miƙe, bayanta kuma ya rufe ƙugu idan ka sunkuya. Ka sa hular kwano ka duba dama da hagu, ka ji ko wuyan rigar na shaƙe ka. Ka ja dogon numfashi. Riga mai kyau idan kana tsaye za ka ji kamar hannunta ya ɗan lanƙwasa ya yi tsawo, don da zaman kan moto aka ɗinka ta.

Ka leƙa cikinta kuma. Rigunan da aka gwada bisa ƙa'idar Turai suna ɗauke da alamar CE da lamba EN 17092, da harafin A, AA ko AAA. Yawan haruffan, yawan jure gogar kwalta. Kushin na kafaɗa da gwiwar hannu lambarsa EN 1621-1, na baya EN 1621-2, kuma mataki na 2 ya fi na 1 shanye bugu. Soso mai laushi da yatsa biyu ke murƙushewa ba kushin ba ne. Na gwanjo ka ciro shi ka lanƙwasa, in ya tsattsage ko yana marmashewa ya gama aiki. Jaket ɗin sanyi ta leda da muke sawa da hunturu iska kawai take tarewa, a kan kwalta yagewa take nan da nan. Haka rigar shaida mai lamba da 'yan kabu-kabu ke sawa: amfaninta a gane ka, a hango ka, sai a ɗora ta a kan jaket.

Na san abin da za a ce: wa zai sa jaket a watan Afrilu ko Mayu, rana ta wuce digiri 40? Maganar gaskiya ce, kuma ba zan ce wa kowa ya sa ta fata mai kauri a bazara ba, domin zafi da ƙishirwa su ma suna kawo jiri a kan moto. Akwai masu raga-raga a ƙirji da baya, iska na ratsawa, kushin na nan a wurinsa. Ita ce ta dace da garinmu, a nemi mai farin launi ko ruwan toka, a riƙa shan ruwa. Mai zuwa Madarumfa, Tibiri ko Ɗan Isa da asubar hunturu sai ya sa rigar sanyi marar kauri daga ciki, ya kuma gwada jaket ɗin da ita tun ranar saye. Barin zif a buɗe don shan iska daidai yake da barin rigar a gida.

Iyayenmu mata da ƙannenmu da ake goyawa, a tattare zane da hijabi a riƙe kafin moto ya tashi. Bakin mayafi in ya shiga sarƙa ko wayoyin taya, fizgo mutum yake yi ƙasa. Mai babbar riga ma haka.

In kuɗin bai kai na jaket da hular kwano duka ba, a fara da hular kwano mai igiyar haɓa, a ɗaure ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma bugun kai shi ne kan gaba wajen kashe masu moto. Ba kowace karaya jaket ke hanawa ba. Abin da ta fi iyawa shi ne tsare fata da rage bugu.

Idan tsautsayi ya auku, a wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a zuba man birki, baƙin mai, toka ko ƙasa. A je likita a ranar, a cire tsakuwar da ta shige, a duba maganar allurar tetanus. Wanda kansa ya bugu, ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi a duba, musamman in ya yi amai, ya suma ko barci na ta ɗibarsa.