In Linux ya faɗi a wajen rabon memori, ta ina ake fara bincike?

Rahoton faɗuwar ya nuna kmalloc, umarnin da ake neman memori da shi a kernel, wato zuciyar Linux. Ke nan mai rabon ne ya lalace?

Da wuya. Tun da aka cire tsohon mai rabo, SLAB, a Linux 6.8, mai rabon da ake kira SLUB ne kaɗai ya rage. Yana yanka shafukan memori, masu kilobayit 4 a x86, zuwa gurabe daidai wa daida: bayit 8, 16, 32, 64, 96, har sama. Gurbin da ba kowa a ciki, a cikinsa SLUB ke ajiye adireshin gurbi na gaba. In wata direba (manhajar da ke sarrafa wani sashe na na'ura) ta kira kfree don sakin gurbi amma ta ci gaba da rubutu a wurin, ta tattake adireshin. Nan take ba abin da zai faru. Sai can wani ya nemi memori, SLUB ya bi adireshin banza, na'ura ta faɗi. Mai gyaran SLUB a irin wannan hali ya bar jaki yana dukan taiki.

To yaya ake kama mai laifin?

A tada na'urar da slub_debug=FZPU. F na duba lafiyar gurabe lokacin bayarwa da karɓa. Z na kafa shinge a gefen kowane gurbi, don a gane wanda ya wuce iyakarsa. P na cika gurbin da aka saki da 0x6b, bayit na ƙarshe kuma 0xa5. U na riƙe sawun wanda ya karɓa da wanda ya saki. Da ka ga 6b6b6b6b6b6b6b6b a rijista (ƙaramar ma'ajiyar CPU) cikin rahoto, an karanta abin da aka riga aka saki ne. In nauyin ya yi yawa, a taƙaita shi ga rumbu ɗaya, wato gurabe masu girma ɗaya: slub_debug=FZPU,kmalloc-64.

Me KASAN, wani kayan gano ɓarnar memori a kernel, ya fi wannan da shi?

SLUB ba ya ganin ɓarna sai an dawo kan gurbin. KASAN kuwa yana tsayawa a kan layin da ya yi ta, ya nuna inda aka karɓa, inda aka saki, da inda aka taɓa. Yana cinye ɗaya bisa takwas na memori, ga jan ƙafa, don haka wurinsa QEMU (manhajar kwaikwayon kwamfuta) ko na'urar gwaji. Ga na'urar da ke bakin aiki akwai KFENCE, mai binciken da ba shi da nauyi, tun Linux 5.12, mai ɗaukar samfuri duk milisakan 100.

Na kunna binciken, matsalar ta ɓace.

Ba ta ɓace ba. Girman gurabe da saurin aiki ne suka canza. Yawanci tsere ne tsakanin CPU biyu a kan abu ɗaya. A gwada KCSAN, kayan gano irin wannan tsere.

Gyaran fa?

A wajen mai kiran kmalloc ko kfree yake: kulle da ya kamata a riƙe, ko ƙidayar masu amfani da aka rage da wuri. A duba hanyoyin fita bayan kuskure, nan kfree sau biyu ya fi ɓuya. Kada a nemi memori da alamar GFP_KERNEL ana riƙe da spinlock, kullen da ba a barci da shi, domin neman yana iya barci, wato tsayawa jiran memori. In sigar baya na lafiya, git bisect, umarnin lalubo canjin da ya ɓata abu, zai nuna facin da ya kawo matsalar, a sa lambarsa a layin Fixes na bayanin gyaran.