Fiyano: Saye da Fara Koyo

Fiyano kayan kiɗa ne mai madannai, wanda sautinsa ke fitowa idan ƙananan gudumomi masu kan ulu suka bugi tsirkiyoyin ƙarfe da ke cikinsa. Bartolomeo Cristofori, maƙerin kayan kiɗa ɗan garin Padua da ya yi aiki a fadar Medici ta birnin Florence a Italiya, shi ya ƙirƙiro shi wajen shekarar 1700. Fifikonsa a kan harfsikod, wani kayan kiɗa mai madannai da ke tashe a lokacin, shi ne cewa ƙarfin sautinsa yana bin ƙarfin yatsa: in an danna a hankali ya yi taushi, in an danna da ƙarfi ya yi amo. Wannan siffa ita ce ma'aunin da ya kamata mai saye ya fara dubawa har yau.

Cikakken fiyano yana da madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, kuma baƙaƙen suna jere bibbiyu da uku-uku domin ido ya gane inda kowane sauti yake. Tsirkiyoyinsa sun kai kimanin 230, jansu gaba ɗaya yana kusantar tan 20, shi ya sa ake ɗaure su a jikin firam na zubin ƙarfe, dabarar da Alpheus Babcock ya yi wa rajista a Boston a 1825. Akwai na kwance, wanda ake gani a manyan zaurukan kiɗa, akwai kuma na tsaye da ake jingina wa bango, wanda shi ma nauyinsa yakan kai kilo 200. Sanannun kamfanonin da ke ƙera su sun haɗa da Steinway na New York, da Bösendorfer na birnin Biyana a Ostiriya, da Yamaha da Kawai na Japan.

A Arewacin Nijeriya, abin da aka fi sani da fiyano shi ne na lantarki mara nauyi, galibi mai madannai 61, da ake kiɗa da shi a sutudiyo da wuraren biki da majami'u. Yana da amfaninsa, domin yana kwaikwayon ganga da sarewa da sauransu, amma madannansa ba su da nauyi, don haka yatsun da suka saba da shi sukan gaza idan suka hau fiyano na ainihi. Wanda ya ƙuduri koyo na sosai gara ya nemi na lantarki mai madannai 88 masu nauyi irin na guduma, tare da fedar dama, wato abin takawa da ƙafa, wadda ke barin sauti ya ci gaba bayan an ɗage yatsa.

Babbar matsalar fiyanon katako a ƙasashen Sahel ita ce yanayi. Masu gyara suna son laimar ɗaki ta tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, alhali a hunturu iska tana bushewa ƙwarai, da damina kuma ta cika da danshi. Katakon yana tsukewa yana kumbura, sai saitin sauti ya goce, ƙusoshin da ke riƙe tsirkiyoyi su yi sako-sako, wani lokaci allon da ke ƙara amo ya tsage. Ko a ƙasashe masu daidaitaccen yanayi ana yi masa saiti sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma aiki ne na ƙwararre, saboda haka bai dace mutum ya biya kuɗi ba sai ya tabbatar akwai mai saitin da zai iya zuwa garinsa. Na lantarki ba ya buƙatar saiti, ana iya sa abin ji na kunne domin kada a dami maƙwabta, sai dai yana son tsayayyiyar wuta da kariya daga ƙura.

Fiyano na hannu, wato wanda aka riga aka yi amfani da shi, yakan yi araha, amma arahar tana iya zama asara. Ana danna kowane madanni a ji ko yana kamewa, a buɗe murfi a duba tsatsa da tsagewa da ɓarnar gara ko ɓeraye, sannan a gwada sautinsa da ma'aunin duniya, inda sautin A na tsakiya yake kaɗawa sau 440 a daƙiƙa. Wanda ya sauka nesa da wannan ma'auni ya daɗe ba a kula da shi ba.

A wajen koyo, ana farawa da zama daidai, gwiwar hannu daura da madannai, yatsu a lanƙwashe, farce a yanke. Ana ba yatsu lamba daga 1 zuwa 5, babban yatsa shi ne na 1, kuma ana karanta rubutun kiɗa a jeri biyu masu layi biyar-biyar, na sama yawanci na hannun dama, na ƙasa na hagu. Abin da ya fi wahalar da sabon ɗalibi shi ne sa hannuwa biyu su yi aiki daban a lokaci guda, kuma maganinsa shi ne a koyi kowane hannu shi kaɗai, sannu a hankali, kafin a haɗa. Ɗan atisaye kullum ya fi dogon zama sau ɗaya a mako, kuma malami yana hango kuskuren zama da na yatsa da ɗalibi ba ya gani a bidiyon intanet. Mai neman takardar shaida yana iya zana jarrabawar hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila, ABRSM, mai matakai 1 zuwa 8, ko ta ƙungiyar kiɗa ta Nijeriya, MUSON, da aka kafa a Legas a 1983.