Dogon yaro ba ɗan gida ba ne

A Sakkwato duk inda ka waiga itacen dogon yaro ne, bakin titi da ƙofar gida, har mutane ke ɗauka gadon kakanni ne. Alhali asalinsa Indiya, Turawan mulkin mallaka suka kawo shi a ƙarni na 20.

Inuwarsa ni'ima ce a zafin Afrilu, ba musu. Abin da ke damuna shi ne mu sare gawo da aduwa, mu dasa shi, mu ce mun mayar da gurbi. Gawo da damina yake zubar da ganye, gero ya samu rana da taki a gindinsa, da rani awaki su ci 'ya'yansa. Dogon yaro kuwa inuwarsa danne shuka take yi.