Homon na Tumbi da Hanji

Homon na tumbi da hanji sinadarai ne da wasu ƙwayoyin halitta, waɗanda ke warwatse a bangon tumbi da na hanji, suke zubawa cikin jini domin su kai saƙo ga gaɓoɓin da ke narkar da abinci. Su ne ke tsara lokacin da tumbi zai fitar da asid, da lokacin da maɗaciya za ta matse ruwanta, da sa'ad da mutum zai ji ya ƙoshi. An gano fiye da ashirin, amma uku ne aka fi sani: sikiritin, gastirin da kolesistokinin.

Tarihi

Zuwa ƙarshen ƙarni na 19, ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne na Ivan Pavlov na Rasha, cewa jijiyoyin saƙo kaɗai ke umartar fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi mai zuba ruwan narkar da abinci cikin hanji, ta zubo ruwanta. A watan Janairun 1902, William Bayliss da surukinsa Ernest Starling suka gwada wannan magana a Landan. Sun ɗauki kare da aka sa wa maganin barci, suka ware wani yanki na ƙaramin hanjinsa, suka datse duk jijiyoyin saƙon da ke zuwa gare shi, suka bar na jini kawai. Da suka zuba asid a ciki, sai fankiriyas ta ci gaba da zubo ruwa kamar ba a taɓa komai ba. Nan take Starling ya kankaro fatar cikin hanjin, ya niƙa ta da yashi da asid, ya tace, ya yi wa karen allura a jijiyar wuya. Ba a jima ba ruwan fankiriyas ya ɓalle. Ashe saƙon ta jini yake bi. Suka raɗa wa sinadarin suna sikiritin, kuma a 1905 Starling ya fara amfani da kalmar "homon", daga wata kalmar Girka mai ma'anar zaburarwa.

Wasu masana a Faransa da Rasha sun ga makamancin haka kafin su, amma suka jingina shi ga jijiyoyi.

A 1905 ɗin kuma John Edkins ya ba da labarin gastirin. Bai yi sa'a ba, don an daɗe ana cewa histamin, wani sinadarin jiki da shi ma ke sa tumbi fitar da asid, shi ne ya ruɗe shi. Sai wajen 1964 Roderic Gregory da Hilda Tracy suka tace shi tsantsa a Libaful. Kolesistokinin kuwa sau biyu aka gano shi: a 1928 a matsayin mai matse maɗaciya, sannan a 1943 da wani suna dabam, a matsayin mai zuga fankiriyas. A shekarun 1960 Jorpes da Mutt na Siwidin suka nuna cewa abu ɗaya ne.

Yadda suke aiki

Idan abinci ya sauka tumbi, musamman nama ko wake, gastirin na fitowa daga ƙasan tumbin ya sa a ƙara asid. In tsamin ya yi yawa, shi da kansa ke taka wa gastirin birki.

Abincin na gangarawa farkon ƙaramin hanji da tsaminsa, wanda zai iya ƙona wurin. A nan sikiritin ke sa fankiriyas ta kwararo ruwa mai baikabonet, dangin abin da ke cikin kanwa, ya kashe tsamin, kamar yadda mai girki ke jefa kanwa a miyar yakuwa. Kitse da mai su ke tada kolesistokinin: yana matse maɗaciya, yana jinkirta fitar abinci daga tumbi, yana kuma kai wa ƙwaƙwalwa labarin ƙoshi. Shi ya sa abinci mai maiƙo ke daɗewa a ciki, kuma mai tsakuwar maɗaciya ya fi jin ciwo bayan ya ci shi.

Sauran

Motilin yana share hanji tsakanin cin abinci, kusan duk bayan minti 90 zuwa 120. Girelin, wanda masanan Japan suka gano a 1999, yana hauhawa kafin cin abinci ya tada yunwa.

A asibiti

Ƙari, wato tsiro a cikin jiki, da ke fitar da gastirin fiye da kima yana haddasa gyambon ciki mai taurin kai, cutar da Zollinger da Ellison suka bayyana a 1955. Wasu magungunan ciwon suga da na rage ƙiba suna kwaikwayon homon na hanji mai suna GLP-1.