Fim ɗin Stu Ungar: me ya raba kan masu kallo?

A shekarar 2003 aka saki wani fim a Amurka mai suna High Roller: The Stu Ungar Story, kan rayuwar mutumin da da yawa cikin 'yan wasan karta ke cewa ba a taɓa yin kamarsa ba. Shekara ashirin ke nan da ɗoriya, amma har yau waɗanda suka kalle shi ba su haɗa baki ba. Na kalle shi sau biyu, kuma ina da nawa ra'ayin.

Wane ne Stu Ungar ɗin?

An haife shi a birnin New York a 1953. Mahaifinsa yana da mashaya, kuma yana karɓar kuɗin masu caca, don haka yaron ya buɗe ido ne a cikin karta da lissafi. Tun yana ɗan shekara goma ya ci gasar wani wasan karta da ake kira gin rummy. Mahaifin ya rasu lokacin Ungar yana ɗan saurayi, sai ya bar makaranta, ya shiga hannun wani ɗan mafiya, wato ƙungiyar masu manyan laifuka, mai suna Victor Romano, wanda ya tsaya masa kamar uba. Ya ƙware a gin rummy har ta kai babu mai yarda ya zauna da shi a teburi. Da abokan karawa suka ƙare, sai ya koma poka, wani wasan karta da ake zuba kuɗi, a Las Vegas.

A 1980 ya ci babbar gasar poka ta duniya, bayan ya doke Doyle Brunson, wanda ya riga ya ci gasar sau biyu. Ya sake ci a 1981. Daga nan hodar iblis ta shiga rayuwarsa sosai, aurensa ya mutu a 1986, aka ɗauka shi ke nan. Sai a 1997 ya dawo ya ci karo na uku, ya ɗauki dala miliyan ɗaya. A watan Nuwamba na 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki mai arha a Las Vegas, yana da shekara 45, da kusan dala 800 a jikinsa. Karo-karo abokai suka yi aka yi masa jana'iza.

Yaya fim ɗin ya kawo labarin?

A ɗakin masaukin nan ya fara, a daren ƙarshe. Ungar yana zaune da wani baƙo da ba a san daga inda ya fito ba, yana ba shi labarin rayuwarsa tun daga yarinta. A ƙarshe su biyun suka fita tare, kuma mafi yawan masu kallo sun fahimci baƙon nan mutuwa ce ta zo ɗaukarsa. A. W. Vidmer ne ya rubuta kuma ya ba da umarni, Michael Imperioli, wanda aka sani a shirin The Sopranos, shi ya fito a matsayin Ungar.

To me masu yabonsa suke gani?

Imperioli suke gani. Ko waɗanda fim ɗin bai burge su ba sukan yarda cewa ya yi ƙoƙari: saurin magana, rashin haƙuri, girman kan yaron da ya san ya fi kowa a ɗakin, sannan lalacewar jiki a hankali. Akwai kuma waɗanda ba su san komai game da karta ba, suka kalle shi a matsayin labarin magidanci da shaye-shaye ya raba da matarsa da 'yarsa. Su waɗannan sukan ce fim ɗin ya taɓa zuciyarsu, kuma ban ga laifinsu ba.

Masu sukarsa fa?

A nan maganar take da tsawo, kuma yawancinsu 'yan wasan karta ne da kansu. Ƙorafi na farko kowa yana iya ganinsa: kuɗin da aka kashe kaɗan ne, wasu wuraren ba su yi kama da Las Vegas ta wancan zamani ba. Wasu kuma sun ce Ungar na gaske ɗan firit ne mai fuskar yara, shi ya sa ake ce masa Yaro, Imperioli kuwa bai yi wannan ƙanƙantar ba.

Amma babban abin da ya yi musu ciwo shi ne, an yi ta faɗa mana mutumin gwani ne, ba a nuna mana gwanintar yadda za mu ji ta a jikinmu ba. Bari in ba da misali da abin da ya faru da gaske. A irin pokar da ake yi a gasar, kowane ɗan wasa ana ba shi kati biyu a rufe, sai a jera biyar a tsakiya, kowa ya haɗa da nasa. Wata rana Ungar yana karawa shi da Mansour Matloubi, zakaran gasar 1990, su biyu kaɗai. Katunan tsakiya suka fito 3, 3, 7, sarki, sarauniya. Matloubi ya tura duk abin da ke gabansa. Ungar ba shi da komai sai 10 da 9, hannun da kowane mai hankali zai jefar. Ya yi shiru yana kallonsa, sannan ya faɗa masa cewa ƙananan katuna yake riƙe da su, ya amsa, wato shi ma ya zuba kuɗinsa don a buɗe katunan. Da aka buɗe, 4 da 5 ne a hannun Matloubi, barazana ce kawai, 10 ɗin Ungar ta ci.

Irin wannan karatun mutum ne masoyansa suka so kyamara ta zauna a kai, ta nuna ido, ta nuna hannu, ta bar mu mu bi tunaninsa. Ni ma ina tare da su a nan. Idan mai kallo bai ga tsawon bishiyar ba, faɗuwarta ba za ta girgiza shi yadda ya kamata ba. Fim ɗin ya ba faɗuwar lokaci mai yawa, ya yi sauri a kan hawan.

Ya bi gaskiyar tarihi kuwa?

Ginshiƙan labarin gaskiya ne: uban, gin rummy, mafiya, nasarori uku, hodar iblis, masaukin. An sauya sunayen wasu mutane, an taƙaita shekaru. Hirar da baƙo kuwa ƙirƙira ce tsantsa. Ya kamata a tuna cewa cikakken littafin tarihinsa sai a 2005 ya fito, bayan fim ɗin.

Me ya sa dawowarsa ta 1997 ta fi tsaya wa mutane a rai?

Saboda ko kuɗin shiga ba shi da shi. Dala 10,000 ake biya, abokinsa Billy Baxter ne ya biya masa gab da a rufe rajista, a kan su raba abin da aka samu. Mutum 312 suka shiga. Teburin ƙarshe a waje aka kafa shi, a titin Fremont, cikin zafin hamada. Ungar yana sanye da wani tabarau mai zagaye, shuɗi, wanda aka ce don ya ɓoye hancinsa ne da hoda ta cinye. Hoton 'yarsa Stefanie yana tare da shi, ya kuma nuna wa 'yan jarida bayan ya ci. A zagayen ƙarshe da John Strzemp, Ungar ne a baya, sai katin ƙarshe ya fito 2, ya cika masa jeri daga 1 zuwa 5.

Rabonsa dala 500,000. Cikin 'yan watanni ta ƙare. Shekarar da ta biyo baya ko zama bai yi a gasar ba.

Ina kuɗin suka tafi, tunda shi ke ci?

Wannan tambayar ita ce na fi so mai kallo ya riƙe. A teburin karta yana da fifiko kan mutane, amma bai tsaya nan ba. Yana tashi sai ya zuba kuɗin a cacar wasanni da tseren dawaki, inda basirarsa ba ta da wani amfani, sauran kuma hoda ta kwashe. Ana ƙiyasta cewa kusan dala miliyan 30 ta ratsa hannunsa. Duk wanda ya taɓa ganin matashi a shagon cacar ƙwallo yana lissafin wasan da saura ƙiris ya ci, zai gane yanayin, sai dai na Ungar ya fi girma ne kawai.

Fim ɗin yana ƙawata caca ne?

Wasu sun ji tsoron haka, musamman da ya fito a shekarar da poka ta bazu a talabijin da intanet bayan Chris Moneymaker, wani akanta, ya ci gasar 2003. A wajenmu hukuncin caca ba ɓoyayye ba ne, yana nan a Suratul Ma'ida aya ta 90. Ni dai ban ga ƙawatawa a ciki ba. Fim ne da ya fara a ɗaki mai datti ya kuma ƙare a cikinsa. Sai dai akwai zagi da shaye-shaye a fili, ba na kallo da yara ba ne.

In kalla ko in bari?

Idan darasin karta kake nema, za ka tashi da takaici. Idan kuwa labarin mutumin kake so, ka kalla, amma ka fara neman bidiyon teburin ƙarshe na 1997, yana nan a YouTube, ka ga Ungar na gaske da tabaransa, sannan ka kunna fim ɗin.