Idan ɗalibi ya kashe kansa, a kula da waɗanda ya bari a aji

Ranar da irin wannan labari ya faɗo makaranta, abin da shugabanni suka fi yi shi ne su ja bakinsu su yi shiru, a ce wa malamai kada wanda ya tayar da zancen. Niyyar mai kyau ce, amma kafin a fita tara labari ya gama zaga makaranta, da yamma kuma ya shiga WhatsApp, kowa da nasa ƙarin gishiri: wannan ya ce asiri aka yi masa, wancan ya ce jarrabawa ya faɗi. Yaron da manya suka ƙi gaya wa gaskiya, jita-jita zai riƙe.

Mu ma'aikatan lafiya abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne makonnin da ke biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kashe 'yan shekara 15 zuwa 29. An daɗe da lura cewa a tsakanin matasa mutuwar ɗaya kan ja wani wanda dama yake cikin ƙunci, musamman idan aka yi ta bayyana yadda abin ya faru.

Don haka a sanar da ɗalibai aji-aji, ta bakin malamin da suka saba da shi, ba a filin asembili ba, kuma bayan an yi shawara da iyayen mamacin. A faɗi cewa ya rasu, a yi masa addu'a. Kada a ambaci abin da ya yi amfani da shi, kada a yaɗa hoto ko saƙonsa na ƙarshe. Kada kuma a rataya abin a kan dalili guda. Galibi abubuwa ne suka taru, sau da yawa har da ciwon damuwa, wanda ake maganinsa a warke.

Ina roƙon malaman addini su tausasa harshe. Haramcin kisan kai ba a ɓoye yake ba, amma mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa Musulmin da ya yi hakan ana yi masa sallah. Yanke masa hukuncin lahira a gaban ƙanensa da ke aji biyu ba abin da zai haifar sai ƙarin ciwo. A je ta'aziyya kamar yadda za a je wa kowa.

Sannan a sa ido kan na kusa da shi. Wanda suke zama benci ɗaya, yanzu gefensa wayam. Wanda ke kwana a gadon sama, kullum yana ganin akwatin abokinsa a ƙasa. Wanda ya ga kiransa daren ƙarshe bai ɗauka ba, yana ta cewa a ransa "da na sani". Har malamin da ya yi masa faɗa a makon, shi ma yana buƙatar mai sauraronsa. Idan ka ji yaro na cewa "na gaji da duniya" ko "gara in mutu in huta", ko ya janye daga mutane, ya daina ci da barci, ko ya fara rabar da kayansa, ka keɓe shi ka tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka ne?" Tambayar ba ta cusa wa mutum wannan tunani; sau da yawa sauƙi take kawo masa.

In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, kada a yi masa tsawa. A kira iyayensa, a kulle magunguna da maganin ƙwari a gida da makaranta, a kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, ga kuma na Dawanau da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a Kano. In waɗannan sun yi nisa, a fara da asibitin da ya fi kusa, su za su tura shi gaba.